Wa Zai Nome Gonar Kaka? Tarihin Kula Da Tsofaffi A Ƙasar Zuru

 Ga waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau zancen tsofaffi za mu yi. Na san wani zai ce, matasa ne ke bin wannan shafi, me ya haɗa mu da tsofaffi? To ka tsaya ka ji. A ƙasar Zuru, tun kafin a san wani abu wai shi fansho, ƙarfin saurayi shi ne fanshon dattijo. Ina so mu bi tarihi mu ga yadda aka gina wannan tsari, me ya sassauta shi, sannan mu duba abin da ya rage a hannunmu.

Mu fara da Golmo. Duk ɗan ƙasar nan ya san sunan, ko da bai taɓa riƙe garma ba. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da kuɗi kawai. Sai ya yi wa uban yarinya noma, shekara bayan shekara, galibi har shekara bakwai. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Samari sa'o'in juna ke haɗa ƙungiya, yau su faɗa gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Mu yanzu idan muna hirar Golmo, jarumta muke gani, da juriya, da yadda ake horar da namiji. Duk gaskiya ne. Amma ku juya abin ta ɓangaren mai gonar. Mutum ne da ya manyanta, ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ga samari majiya ƙarfi sun zo sun yi masa huɗa, sun yi noma, sun yi maimai. Rumbunsa ya cika ba tare da ya biya ko sisi ba. Wato al'ada ta ɗaure auren saurayi da abincin dattijo a igiya guda. Idan kaka ta yi, aka fito bikin Uhola ana godiya kan amfanin gona, dawar da ke rumbun tsoho gumin 'yan Golmo ne a cikinta.

Maƙwabtanmu na ƙasar Hausa suna da nasu salon, wato gandu. 'Ya'ya maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gonar uba tare, shi kuma ya ciyar da gida, ya biya haraji, ya ba kowa gayauna ya noma don kansa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi a 1972 wanda ya yi bayanin gandu dalla-dalla. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake fahimta daga irin wannan bincike shi ne, dattijon da 'ya'yansa ke gandu da wanda 'ya'yansa suka watse, ba ɗaya suke ba wajen tsufa.

To wanda ba shi da 'ya mace da za a yi wa Golmo, ba shi da ɗa namiji da zai zauna a gandu fa? Nan gayya ke shigowa. A sa rana, a kira jama'a, a yi kunu ko fura, makaɗi ya saki ganga, kafin azahar an gama gonar gwauruwa ko ta tsohon da ciwo ya kwantar. Haka ake yi wa ɗakin da damina ta rusa, haka ake ɗora jinka. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma daga aikin gaske aka samo maganar. Abin da yau muke kira aikin sa kai, muna buga hotonsa a Facebook, kakanninmu sun yi shi ba tare da riga mai tambari ba.

Kada kuma mu ɗauka tsofaffi karɓa kawai suke yi. Su ke raino idan iyaye sun tafi gona, su ke sasanta rigimar iyaka, tsofaffin mata su ne ungozoma. Ku duba ma Sakkwato a ƙarni na 19: lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan karkara, manyan mata ta naɗa jajis, su ke tafiya ƙauye-ƙauye da karatu. Dattijai mata ne suka ɗauki aikin a kansu. Al'ummar da ta san darajar tsoho tana ba shi abin yi, saboda zaman banza ma ciwo ne.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fara canza lissafi: soja. Tun farkon mulkin Turawa, Ingilishi suka riƙa ɗibar samarin ƙasar nan suna sa su cikin rundunarsu ta Afirka ta Yamma. A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, sojojin Najeriya sun yi yaƙi har ƙasar Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82. Bayan haka ga yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, wanda ya sa aka faɗaɗa rundunar soja sosai. A haka Zuru ta yi suna da garin sojoji. Mun fitar da manya irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya riƙe hafsan sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Sani Sami Gomo na Biyu, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985.

Abin alfahari ne, ba musu. Sai dai a bayan kowane janar akwai ɗaruruwan kurata da kofur-kofur da saje-saje waɗanda ba wanda ya san sunansu. Kowane ɗaya daga cikinsu hannu ne da aka cire daga gonar wani tsoho. A madadin garma sai aka koma jiran kuɗin da za a aiko daga bariki, Kaduna ko Legas ko Inugu. Kuɗi na sayen hatsi, amma ba ya ɗebo ruwa daga rijiya, ba ya ɗaga mara lafiya ya kai shi bayan gida. Sannan su kansu sojojin nan sun dawo gida sun tsufa, wasu da raunin harsashi, wasu da abin da idonsu ya gani wanda ya hana su barci. Kowace ranar 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a yi fareti. Sauran ranakun shekara kuwa, matar gida ce ko jika ke fama da su.

Bayan soja sai boko da birni. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwashi yara zuwa aji, kuɗin man fetur ya ja samari zuwa aikin albashi. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta faɗi, abin da ɗa ke aikowa gida ya daina isa. A gefe guda kuma, Musulunci da Kiristanci sun bazu, aure ya koma na sadaki da lefe ko na coci, Golmo ya ja baya a gidaje da yawa. Ba ina cewa a koma shekara bakwai ana noma kafin a yi aure ba, na san da yawanku za ku fice daga shafin nan yanzu-yanzu. Abin da nake nunawa shi ne, mun kwance igiyar da ta ɗaure saurayi da dattijo, ba mu ɗaura wata a madadinta ba.

Addini ya cike wani gurbi, dole a faɗa. 'Yan agaji na ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, kuna ganinsu a asibiti da wajen jana'iza da filin idi. A coci-coci kuma, su UMCA da ECWA da Katolika, zumuntar mata ta daɗe tana zagayen gaida marasa lafiya da kai wa gwauraye hatsi da sabulu. Zakka da sadaka da baiko sun rufa wa tsofaffi da dama asiri. Matsalar ita ce yawancin wannan taimako na lokaci ne: azumi, salla, Kirsimeti, ko ranar rasuwa. Shi kuwa tsufa kullum yana nan.

Gwamnati fa? Ta makara ƙwarai. An ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, aka yi gyaran dokar fansho ta ƙasa a 2004, amma fansho na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomi a Dabai ko mai sayar da ƙosai a Rikoto ba su cikin lissafin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Oktoba a matsayin ranar tsofaffi tun 1990. Jihar Ekiti ta gwada biyan tsofaffi marasa galihu naira 5,000 duk wata daga 2011. Cibiyar farko a ƙasar nan da aka keɓe don lafiyar tsofaffi, a asibitin koyarwa na Ibadan aka buɗe ta a 2012. Sai a 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattijai ta Ƙasa, ita ma sai 2021 ta fara aiki, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Takardu sun samu. Amma daga Abuja zuwa ɗakin wata tsohuwa a Fakai tafiya ce mai nisa.

Sannan ga masifar da ta zo ta same mu a kan wannan rauni: 'yan bindiga. Ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba sun watse, mutane sun kwararo Ribah da Zuru da sauran garuruwa. Idan an ce a gudu, mai ƙafa ke gudu. Tsoho ko dai a bar shi, ko a goyo shi, ko ya ce shi ba inda za shi, a nan aka binne cibiyarsa. Wanda ya iso gari kuma ya rabu da gonarsa da rumbunsa da maƙwabtan da suka san shi shekara hamsin. A watan Maris na 2022, an yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe sama da 60. Allah Ya ji ƙansu. Ku tuna, kusan kowannensu akwai uwa ko uba da ke jiran ya kawo cefane. Wa ke leƙa waɗannan iyaye yau?

Akwai kuma mutum ɗaya da tarihin nan duka ya manta da ita: mai jinya. A yawancin gidajenmu mace ce, 'ya ko suruka ko jika. Ita ke wanki, ita ke juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke kwana ido biyu. Wata ta bar makaranta, wata ta bar sana'a. Idan ta gaji ta yi tsaki, a ce ba ta da tarbiyya. Idan kuma tsohuwa ta fara gigin tsufa, tana mantuwa, tana fita da dare, tana kiran sunayen matattu, sai ka ji an fara raɗe-raɗin maita. Jama'a, wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, likitoci sun san shi. Mai shi kulawa yake buƙata da haƙuri, kuma duk wanda ya ji ana jifan tsohuwa da wannan kalma ya yi shiru, da shi aka yi.

To me za mu iya, mu da ba mu da kujera ba mu da kasafi? Ni abin da na ɗauko daga Golmo shi ne tsarinsa: sa'o'in juna, aiki na karɓa-karɓa, da ranar da kowa ya sani. Mutum biyar ko shida a unguwa sun isa. Ku fara da zuwa wajen mai unguwa da liman da fasto, ku rubuta tsofaffin da ke zaune su kaɗai, da gidajen da ake jinya, da waɗanda suka yi gudun hijira. Ku raba kwanaki. Wani ya ɗebo ruwa, wani ya duba rufin ɗaki kafin damina, mai babur ya ɗauki nauyin kai mutum asibiti ranar ganin likita. Wanda ya karanci aikin lafiya ya riƙa auna hawan jini da suga, ya koya wa 'yan gida juya mara lafiya kamar duk bayan awa biyu don kada gyambo ya fito masa. Tsohon da ido ya rufe, a kai shi a duba, sau da yawa yana ce, kuma aikinta ba ya daɗewa. Mai waya ya taimaka wa ɗan fansho da cike takardun tantancewa, amma kada ka karɓi katin banki ko lambar sirrin kowa. 'Yan mata, ku karɓi mai jinya na awa uku ranar kasuwa, ta je ta yi wanka a natse, ta yi barci. Wallahi wannan kaɗai sadaka ce babba. Ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da ke nan Zuru da masu yi wa ƙasa hidima, ga aikin al'umma a ƙofarku.

Roƙo ɗaya: a bar kamara a aljihu. Dattijon da ya ciyar da gida shekara arba'in bai cancanci a ɗora hotonsa yana karɓar mudun shinkafa ba. Idan za ku kunna waya, ku kunna ta don naɗar labarinsa da izininsa, da C'lela ko Hausa ko duk harshen da ya fi sakewa da shi: yadda aka yi Golmo a zamaninsu, yadda aka yi yaƙi, sunayen gonaki da duwatsu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, kuma waɗanda suka ga waɗannan abubuwa da idonsu suna ƙarewa.

A nan za mu dasa aya. Kafin mako mai zuwa, kowa ya nemo gida ɗaya a unguwarsu da ake jinyar tsoho, ya shiga ya gaishe su, ya tambayi mai jinyar me ya fi yi mata nauyi. Zumunci a ƙafa yake. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.