Muryar Mai Karatu Da Sirrin Mai Kisa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurari muryar ba.

A Dingyaɗi na tashi, ƙasar Boɗinga. A gidanmu da daddare kafin tatsuniya sai an yi kacici-kacici. Kakarmu ta ce "ƙulin ƙulifit", mu yi ta harbin iska har mu gaji, ta ce a ba ta gari. Abin da na gane daga baya shi ne ba ta taɓa cutar mu ba. Duk abin da za ka gano amsar da shi yana cikin maganarta, kai ne dai ba ka lura ba. To a kan wannan amanar aka gina littattafan binciken kisa na Turawa.

A 1841 Edgar Allan Poe na Amurka ya fitar da labarin da ake ɗauka shi ne mafarin wannan fanni. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes. Sai 1920 Agatha Christie ta Ingila ta buga littafinta na farko, inda ta gabatar da Hercule Poirot. Tsarin kusan ɗaya ne: an kashe mutum a gida ko a jirgin ƙasa, waɗanda ake zargi 'yan kaɗan ne, kowa na da abin da yake ɓoyewa. Har a 1929 wani marubuci, Ronald Knox, ya jera dokoki goma. Daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya bayyana tun farkon labari, kuma duk alamar da mai bincike ya tsinta sai an nuna wa mai karatu ita. Daɗin abin ke nan. Ana gasa tsakaninka da marubuci, in ya kayar da kai kuma ka san ba da maguɗi ba ne.

Yanzu ina murya ta shigo? Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar sojojin Ingila da yawa babu ido, kuma ba dukkansu suka iya koyon rubutun makafi ba. A 1935 ƙungiyar makafi ta ƙasar ta fara raba littattafan da aka karanta a faifan garmaho, kowane gefe kamar minti 25. Cikin na farko-farko akwai The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, wanda ya fito a 1926. Wani likitan ƙauye ne ke ba da labarin da bakinsa. Ba zan fasa muku ƙwai ba, amma wanda ya karanta ya san irin nauyin da aka ɗora wa mutumin da ya zauna gaban na'ura ya karanta shi.

A daidai shekarun nan mu ma ƙagaggen labari ya fara kama ƙasa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Masu karatun boko a lokacin kaɗan ne, don haka littafi ɗaya kan ciyar da zaure guda: ɗaya ya karanta, sauran su kasa kunne. Daga baya rediyo ta karɓi aikin. Yawancinmu mun san muryar Ahmad Isa Koko a shirin Rai Dangin Goro, kuma tun 2016 BBC Hausa ke karanta labaran gasar Hikayata. Littattafan aikata laifi ma muna da su, kamar Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, 1982. Sai dai yawanci tun farko mun san mugun, jira kawai muke mu ga ƙarshensa. Irin wanda za a ɓoye maka mai kisa har shafin ƙarshe bai yi yawa ba a wajenmu.

Da yanar ido ta kama mahaifina, sai na riƙa zama da shi bayan isha'i da wani tsohon littafin Agatha Christie da na saya a Sakkwato. Ina karantawa ina juya masa da Hausa. Kuskurena, na riga na karance shi. Dare na uku ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya ɗan nan. Wanga mutum shi yak kashe shi."

Na ce, "Baba, ya aka yi kuka gane?"

Ya ce duk lokacin da na zo kan maganar mutumin sai na rage murya kamar mai tsoron a ji. Marubuciyar ta ɓoye abu a shafi ɗari biyu, ni na tona shi da maƙogwaro. Ya yi dariya, amma bai sake neman mu ci gaba da littafin ba. Wallahi abin ya dame ni, don ɗan abin da ya rage masa na nishaɗi ne na ɓata.

Yau karatun littafi ya koma waya. Ana ɗorawa a YouTube, ana turawa ta WhatsApp, mata na aikin gida suna sauraro. Roƙona ga masu wannan sana'a biyu ne. Ka ba kowane mutum na cikin labari muryarsa da adalci, kada ka yi wa mai laifi muryar mugu tun bai tonu ba. Sannan ka nemi izinin marubuci kafin ka naɗi littafinsa, domin guminsa ne.

Marubutanmu kuwa, masu sauraron da suka tashi da kacici-kacici suna nan suna jira. In akwai wanda ya san littafin Hausa mai irin wannan ƙulli, ya rubuto mana sunansa a ƙasa, zan nema in karanta. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.