Guzurin ɗalibi: yadda ake lissafin kuɗin kashewa a gajeriyar tafiya zuwa ƙasar waje

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu na Sabo, Agege, Idi-Araba da Ama Hausa suna karatu a Abuja, kuma makarantu kan shirya musu tafiyar mako ɗaya ko biyu zuwa Gana, Jamhuriyar Benin, Masar ko Turai. Iyaye kan biya kuɗin jirgi da masauki, su ɗauka an gama. Nan ne matsalar take, domin guzuri shi ne ke ƙarewa yaro a tsakiyar tafiya.

Me makaranta ta ɗauka?

Kafin komai, a nemi takarda daga masu shirya tafiyar. Abinci sau nawa za su bayar a rana? Su ne za su biya mota da kuɗin shiga wuraren ziyara? Duk abin da ba ya cikin takardar, daga aljihun ɗalibi zai fito. Idan daga Kudu yaron zai taso, a haɗa da kuɗin zuwa Abuja, da na mota zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, wanda ke da 'yar tazara daga cikin gari.

A yi lissafi da kuɗin waje

Tun watan Yuni na 2023 da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira, canji ba ya zama wuri ɗaya. Don haka a yi lissafi da dala ko kuɗin ƙasar da za a je, sannan a juya zuwa naira ranar saye. Masu zuwa Kwatano ko Lome su sani cewa sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 daidai yake da sefa 655.957.

Kaso uku

A ce an tanadi dala 300 don kwana 10. A ware 50 na ko-ta-kwana, kamar ciwo ko jinkirin jirgi, kar a taɓa su. A ware 50 na tsaraba, a saye ta a kwanaki biyu na ƙarshe. Saura 200, wato dala 20 a kullum, na abinci, ruwa, mota da data. Ranar da aka wuce 20, washegari a rage. Tsaraba ce ke cinye kuɗin yara, saboda kowa a gida ya ba da saƙo. Mai saƙo ya haɗo da kuɗinsa.

Ina za a samu canji?

Bankuna na sayar da kuɗin guzurin matafiya da ake kira PTA, har dala 4,000 a wata uku, ga mai fasfo, tikiti da biza inda ake buƙata. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya ce ta kati ko asusu za a riƙa biya, ba hannu da hannu ba. A je banki da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son tsabar kuɗi ya nufi 'yan canji masu lasisi, irin na Wuse Zone 4, ya karɓi rasit. Ya duba takardun da kyau, domin a wurare da dama ba sa karɓar tsohuwar dala ko wadda ta yage. A kuma tambayi banki ko katin naira zai yi aiki a waje, da iyakar abin da zai iya biya.

Ƙananan abubuwan da ake mantawa

Katin shaidar rigakafin shawara, wato yalo kad, ana nemansa a ƙasashe da yawa. Ƙasashen ECOWAS ba sa neman biza don zaman da bai wuce kwana 90 ba, amma bizar Shengen tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Sayen layin waya a can ya fi amfani da layin gida araha. Canji a filin jirgi kuwa yawanci ya fi tsada, a canza kaɗan na mota kawai.

Daga ƙarshe, kar a zuba kuɗi wuri ɗaya. Rabi a kati, wasu a jiki, na ko-ta-kwana kuma a damƙa wa malamin da ke jagorantar tafiyar. Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.