Kos na wata shida: ƙane ne ko wa?

Ran nan a fada gardama ta kaure tsakanin abokaina biyu. Ɗaya yana shekara ta uku a jami'a, ɗayan kuwa bai samu bak ba, sai ya shiga wata santar ya yi wata shida yana koyon gyaran kwamfuta da haɗa rezo. Na jami'ar ya ce masa: "Kai, takardarka ai ta kunna wuta a dafa shayi ce." An yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma ɗaki abin ya tsaya mini a rai, don na san wannan mai atestasiyon shi ne ya ceto mini memuwar ɗina lokacin da na'urata ta mutu ana saura kwana tara in miƙa. Shi ya sa na bi sawun tarihin abin, in ga wane ne ya riga wani zuwa duniya, gajeren horo ko babban diplom.

Mu fara da Amurka. A watan Fabrairu na 1946 aka nuna wa jama'a ENIAC a jami'ar Fensilbaniya. Na'ura ce mai cika ɗaki, nauyinta ya kusa tan 30, da kwalaben lantarki wajen 18,000 a cikinta, kuma in ɗaya ta ƙone sai an bi an gano ta. Waɗanda suka fara ba ta aiki mata ne su shida, cikinsu har da Kay McNulty da Betty Snyder. Babu lakkwal ɗin da ta koya musu wannan aiki, don babu irinta a duniya. An tura su horo na ƴan makonni a kan injinan kati mai huji, sannan aka ɗora musu zanen wayoyin na'urar aka ce su gane da kansu. Mu ƴan ilimin harshe akwai abin da zai ba mu sha'awa a nan: a Turancin Ingilishi na wancan lokaci, kalmar da ta zama "kwamfuta" a bakinmu sunan ma'aikaci ce, mutumin da ake biya ya zauna yana lissafi. Matan nan da wannan suna aka ɗauke su aiki. Daga baya na'ura ta ƙwace musu sunan.

A damanar wannan shekara dai, daga 8 ga Yuli zuwa 31 ga Agusta, jami'ar ta shirya darussa a kan yadda ake ƙera irin wannan na'ura. Mako takwas ke nan. To ga abin da ya fi burge ni: wani Bature daga Ingila, Maurice Wilkes, ya makara a hanya, makonni biyun ƙarshe kawai ya samu. Da wannan guntun ya koma Kambirij ya jagoranci ƙera EDSAC, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 1949. Diplom na farko a wannan fanni a Kambirij ɗin aka buɗe shi, a 1953, shi ma na shekara guda ne. Sashen kimiyyar kwamfuta na farko a jami'ar Amurka kuwa sai a 1962, a Purdue. Wato gajeren kos shi ne wa, digiri ƙane.

Kada dai mai atestasiyo ya yi saurin tafi. Wilkes ya je ɗin nan da digirinsa na dakta, ya kuma yi aikin rada lokacin yaƙi. Mako biyu sun ishe shi ne don akwai tushe a ƙasa. Ruwan sama ɗaya yake zuba, amma gonar da aka sa wa taki daban take.

Horon da ya yi kama da na abokina ya zo ne da kasuwa. Da bankuna da ma'aikatu suka fara sayen manyan na'urori, sai kamfanoni suka rasa masu kula da su, jami'o'i kuma ba sa yaye mutane da sauri. Kamfanin Control Data ya buɗe makarantunsa a 1965 don yaye masu gyara da masu rubuta tsarin aiki cikin ƙasa da shekara. Faransa ta bi wata hanya, ta gwamnati: a 1966 ta ƙirƙiro IUT, karatun shekara biyu bayan bak, don samar da ma'aikacin da ke tsakanin injiniya da lebura. Kalmar "ordinateur" ma da muke ji a bakin mushe, wani malamin Latin na Sorbonne, Jacques Perret, shi ya ba kamfanin IBM shawararta a 1955.

Mu nan ta ƙofar Faransa abin ya shigo mana. A 1971 shugabannin wasu ƙasashen Afirka, da Nijar a ciki, suka amince a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, da kafa IAI, mai mazauni a Libreville. Shekara da shekaru, ɗan Nijar da ke son wannan ilimi sai ya ƙetare, kuma ƴan ƙalilan ne ke samun gurbi. Daga baya aka buɗe reshenta a Yamai. IUT na Maraɗi da Tawa da Damagaram sun fara aiki a 2008, a 2010 kuma garuruwan uku suka samu jami'o'insu.

Tsakanin nan duniya ta riga ta sake salo. Ƙaramar kwamfutar IBM ta 1981 ta sa na'ura ta zama abin da mutum ɗaya zai kwance da turnabis ya mayar. Sai aka shiga zamanin jarrabawar sana'a wadda ba ruwanta da inda ka yi karatu: A+ ta CompTIA a 1993, makarantar rezo ta Cisco a 1997. Amfaninsu shi ne ma'auni ɗaya ne ga kowa, wanda ya ci a Yamai da wanda ya ci a Dakar tambayoyi iri ɗaya suka amsa.

Nan ne namu ke da rauni. Da sibar ta yawaita a garuruwanmu, santar-santar na koyarwa suka tsiro ko'ina, kowace da hatiminta. Wata ƙanwata ta biya jikka arba'in a wata daga ciki. Su goma sha biyar ne a kan na'ura uku, kuran na ɗaukewa, rabin darasin a allo aka zana mata shi da alli. Ta fito da takarda mai ado, ba ta taɓa buɗe cikin kwamfuta ba. Abokina kuwa ya dace da malami mai ba kowa matacciyar na'ura ya ce kada ka tashi sai ta tashi. Takardunsu biyu suna ɗaya, wata shida-shida, kuma mai ɗaukar aiki ba shi da hanyar bambance su sai ya gwada. A ganina wannan ne ya jawo wa atestasiyo raini, ba gajartar lokacin ba.

Akwai kuma abin da ban ji an koya wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar da su. Amma da na kai wannan rubutu a buga, mai sakatariyar ya ce na'urarsa ba ta san su ba, in sa da biro bayan an fitar. Abokina na kira. Shi ma bai taɓa yi ba, ya zauna ya bincika, kafin shayi na biyu ya nuna ya girka mana allon rubutun Hausa. Na biya shi dala ɗari, ya ce in ƙara masa kuɗin kabu-kabu.