Hanya, Kasuwa da Uban Gida: Tarihin Jari a Ƙasar Birnin Gwari

Duk wanda ya rubuta sunan Gwaska a wayarsa ya bincika, labari ɗaya zai fara cin karo da shi. Ranar Asabar, 5 ga Mayu, 2018, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen, suka kashe aƙalla mutum 45. Abin da duniya ta sani game da wannan yanki namu ke nan. Amma kafin wannan rana, da kuma bayanta, akwai tambayar da ba ta taɓa barin gidajen ƙasar Birnin Gwari ba: yaron nan da ya tasa, da me zai fara neman na kansa?

Idan ka tambayi matasanmu, amsarsu ɗaya ce, wato babu jari. Gaskiya suka faɗa. Sai dai idan muka waiwayi shekaru ɗari biyu da suka wuce, za mu tarar yawancin kakanninmu ma ba da kuɗi a hannu suka fara ba. Abu uku suka dogara da su: hanya mai aminci, kasuwa mai ci, da uban gida mai tsaya wa yaronsa. Duk lokacin da ukun nan suka haɗu, sana'a ta bunƙasa a ƙasarmu. Duk lokacin da suka watse kuwa, ko an raba kuɗi ba ya zama.

Zamanin ayari

A farkon ƙarni na 19, Birnin Gwari zango ne a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da fatake ke bi daga Kano da Zariya, su gangara su ƙetare kogin Kwara, su nufi Gwanja neman goro. A shekarar 1826 matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ratsa ta garin a kan hanyarsa ta zuwa Kano, kuma sawun fatake ya biyo.

Ayari ba taron tsintsiya ba ne. Madugu ke shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na tattara kuɗin da za a biya sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Ana tafiya da kanwa da turkuɗi da fatu, a dawo da huhunan goro. Tafiyar kan ci watanni, wani lokaci har shekara ta zagayo.

Yaron da ba shi da ko wuri ɗaya yana da ƙofar shiga. Zai fara da korar jakunan wani, ko ɗaukar masa kaya. A tafiya ta biyu ko ta uku, uban gidansa ya bar shi ya ɗora ɗan ƙullin kayansa a kan na gida. Idan aka ga riƙon amanarsa, sai a ba shi kaya ya sayar a raba riba. Daga nan ya mallaki jaki, a yi masa aure, wata rana shi ma ya ɗauki yaro. Babu takardar gona ko ta gida da aka karɓa jingina. Shekarun da ya yi ana kallon halinsa su ne jinginarsa. Ko Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, mahaifinsa ya rasu yana yaro, kuma da ƙananan saye da sayarwa da ajiya a asusu ya fara kafin ya kai ga fataucin goro, daga baya gyaɗa.

Mutanen zango ma ba a bar su a baya ba. Ranar da ayari ya sauka, mata su fito da fura da tuwo, yara su kawo ciyawa da itace, fatoma ya ba da masauki ya tsaya wa baƙo, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada. Sarki ya karɓi kuɗin hanya, shi kuma ya ɗauki nauyin tsaron ta. A ƙarshen wannan ƙarni, lokacin da hare-haren Kwantagora suka tsananta a ƙasashen Gwari da Kamuku, an ga abin da rashin wannan tsaro ke haifarwa. Falke ba ya jayayya da hanya. Idan ta ɓaci sai ya sake wata, mai fura kuma ta koma gida da ƙwaryarta.

Jirgin ƙasa, zinare da mota

Abin da ya ƙarasa ayari ba takobi ba ne, dogo ne. A 1911 layin jirgin ƙasa ya isa Kano, ta Minna da Kaduna da Zariya, ya bar Birnin Gwari a gefe. Goro ya koma zuwa Legas ta teku, a loda shi a jirgi, ya iso Arewa cikin kwanaki. Jaki ba zai yi gasa da wannan ba.

Sai ga zinare. A 1931 Birtaniya ta daina ɗaure darajar kuɗinta da zinare, a 1934 kuma Amurka ta ɗaga farashin oza ɗaya daga dala 20.67 zuwa dala 35. Shawarar da aka yanke a Landan da Washinton ta iso har rafukanmu, domin Birnin Gwari na cikin wuraren da aka yi rububin haƙa da wanke zinare a waɗannan shekaru. Galibi Turawa ke riƙe da lasisi, namu ƙarfi ne da gumi. Bai daɗe ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, hankalin gwamnatin mallaka ya koma kan kuza, har daga 1942 aka riƙa tilasta wa mutane zuwa aikin haƙar ta a Jos, harkar zinare ta yi sanyi. Darasin da wannan zamani ya bar mana shi ne, arzikin da wani ke yanke wa farashi daga nesa, kuma ba kai ke riƙe da takardarsa ba, baƙo ne. Har gobe masu haƙar zinare na gargajiya suna aiki da tsarin da muka gada: wani ya ciyar da leburori, ya ba su kayan aiki, su kuma su sayar masa da abin da suka samu.

A cikin wannan zamani ne, a 1936, aka keɓe wani ɓangare na dajinmu ya zama gandun daji na En'e, wanda a 1999 ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100. Dajin da yanzu ake jin tsoron ambatonsa, da shi da kewayensa rumbu ne na masu ƙaramin ƙarfi: kaɗanya, ɗorawa, zuma, itace, kiwo.

Abin da ya dawo mana da ranar zango shi ne mota. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Jebba da Mokwa da Tegina ta ratsa Birnin Gwari, daga nan ta nufi Kaduna, wata kuma ta yi Funtuwa. Tsohon tsani ya dawo da sabuwar riga. Yaron mota ya zama direba, direba ya yi tanadi ya sayi tsohuwar mota, shi ma ya ɗauki yaro. Bakanike da mai faci da mai shayi da mai tuwo a tasha suka samu abin yi. Masara da dawa da shanun ƙauyukanmu suka samu mai saye daga nesa.

Mata kuwa tun asali suna da bankinsu, wato adashi. Mace goma su haɗu, kowacce ta zuba abin da aka yanka duk mako, a kwashe a ba ɗaya. Da kwasarta za ta sayi tunkiya, ko buhun kalwa ta yi daddawa, ko kaɗanya ta yi man kaɗe. Uwar adashi ba ta da ofis, amma ta san gidan kowa, ta san wadda ba ta saɓa alkawari.

Da gwamnati ta shigo

Daga shekarun 1980 gwamnati ta ƙara ɗaukar tallafa wa ƙananan sana'o'i a matsayin aikinta. An kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE a 1986, aka buɗe bankin talakawa na People's Bank a 1989 don ba da rance ba tare da jingina ba, aka kafa hukumar SMEDAN a 2003. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A 2018, shekarar da aka kai wa Gwaska hari, aka fito da TraderMoni, ana ba ƙananan 'yan kasuwa rancen naira 10,000.

Ba mu raina waɗannan ba, akwai waɗanda suka amfana. Amma mu gwada su da tsarin da muka gada. Uban gida yana ba da jari ne bayan ya daɗe yana kallon yaro, kuma bayan ya bayar ba ya tafiya. Zai nuna masa inda ake saro kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba shi kaya bashi, ya rufa masa asiri ranar da ya faɗi. Shi kuwa shirin gwamnati, yawanci fom ne da horon 'yan kwanaki da kuɗi, sai kowa ya kama gabansa. Wanda ya karɓa bai san wanda ya ba shi ba, shi ya sa da yawa suka ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Kuma duk shirye-shiryen nan sun ɗauka cewa hanya da kasuwa suna nan. A wurinmu, daidai lokacin ne suke zamewa.

Yadda jari ya ƙone

A Oktoban 2012 aka kashe mutane kusan 20 a Dogon Dawa. Daga nan abin ya yi ta gaba, daga satar shanu zuwa tare hanya, zuwa ɗaukar mutane don kuɗin fansa, har zuwa sanya wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu. Hanyar Kaduna ta zama wadda ake yi wa matafiyi addu'a kamar mai tafiya yaƙi.

An ƙirga gawarwaki, amma ba a ƙirga jarin da ya ƙone ba. Idan aka ɗauki mutum ɗaya, danginsa kan fara sayar da shanu, sai babur, sai hatsin rumbu, daga ƙarshe gona. Abin da aka tara a shekara ashirin ya tafi a mako biyu. Kuma wa aka fi nema? Mai ɗan hali, wato wanda ke ba wasu jari. Waɗanda suka tsira suka kwashe iyalansu suka koma Kaduna da Zariya da Funtuwa. Duk uban gida ɗaya da ya tashi, yara nawa ne tsaninsu ya karye? Adashi ma ba ya yiwuwa idan masu zubi sun warwatsu a garuruwan gudun hijira.

Daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Satumba na 2021, gwamnatin jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a yankinmu, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya na kusan wata biyu. An yi haka ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da mai. Amma mai ƙosai da ɗan acaɓa da mai cajin waya da mai POS, su ma a wannan kasuwa da wannan layi suke ci.

Abin da ya rage a hannunmu

A ƙarshen Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin jiha ta yi da wasu shugabannin 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, wadda ta yi kimanin shekara goma a rufe. Ra'ayi ya bambanta a kan sulhun. Wanda ya binne ɗansa yana da hujjar yin shakka, wanda ya sake shiga gonarsa yana da hujjar yin hamdala. Abin da ba a musu a kai shi ne, da hanya ta ɗan lafa, ba a jira an raba wa kowa kuɗi ba, motoci suka dawo, masu abinci suka hura wuta.

Hanya da kasuwa nauyin hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da tambaya. Na ukun kuwa yana hannunmu. 'Yan kasuwarmu da suka kafu a Kaduna da Abuja da Legas, kowannensu zai iya ɗaukar yaro ɗaya daga Gwaska ko Kuyallo ko Randagi, ya koya masa, ya ba shi kaya a raba riba. Masu shirin tallafi, na gwamnati ko na ƙungiyoyi, su bi ta hannun waɗanda suka san mutane: uwar adashi, shugabannin 'yan kasuwa, masu gareji. Kuɗin da ya shiga adashin da ke tafiya ya fi wanda aka raba a filin taro daɗewa.

Ku kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu, ku dubi yadda falke ke tsara tafiyarsa. Gwanja ce a ransa, amma lissafinsa na yau zango na gaba ne: nisan da jaki zai iya, inda ruwa yake, guzurin da zai kai shi. Wanda ke burin shago ya fara da sanin abin da zai tara kafin kaka, da wanda zai zauna a ƙarƙashinsa ya koya, da kason da ba zai taɓa ba ko ana biki. Kada kuma ya zuba komai a abu ɗaya da za a iya korawa cikin dare, wannan darasi mun biya shi da tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaran da suke goye a bayan iyayensu mata ranar da aka gudu daga Gwaska, nan da 'yan shekaru za su kai munzalin neman sana'a. Za su zo su tsaya a ƙofar shagon wani daga cikinmu, su yi sallama, su ce sun zo koyo. Ya kamata tun yanzu mu san amsar da za mu ba su.