Gyartai: Sana'ar Ɗinkin Ƙwarya

Gyartai sana'a ce ta ɗinke ƙwaryar da ta tsage, kuma da sunan ake kiran mai yin ta. Ta bunƙasa a ƙasar Hausa tun zamanin da duma ne kusan duk kayan ɗakin mace: masaki na zuba hatsi, ƙwaryar dama fura, ƙoƙo da ludayi. Kayan jere sukan daɗe a rataye ba a taɓa su, amma na aikin yau da kullum kan yi baƙi, bakinsu ya cinye, wata rana su dare.

Mai gyartai kan bi unguwa-unguwa yana shela, ko ya zauna a gefen kasuwa. Da basilla yake huda ƙananan ramuka a kowane gefen tsagar, ya zura zare mai ƙarfi, ya ɗaure tamau har ɓarin biyu su haɗe. Gwanin kirki, ko nono aka zuba ba ya ɗiga, shi ya sa matan Fulani masu tallar nono suka kasance manyan abokan cinikinsa.

Kwanon ƙarfe mai fenti ne ya fara rage masa kasuwa. Da farko daga ƙetare ake shigo da shi, sannan wajen shekarun 1960 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Najeriya. Roba ta biyo baya da arha. A birane gyaran ya koma hannun masu liƙin bokiti da baho da ƙarfe mai zafi, amma a kasuwannin ƙauye ba a rasa mai ɗinkin ƙwarya.