Ford a Hanyar Rano: Kamfanin da Ke Yawo da Sunan Wani

A tashoshin mota na Kano, da kan hanyar da ta ratsa Bunkure ta shiga Rano ta miƙe zuwa Kibiya, akwai wata mota mai dogon jiki da faffaɗan gilashi wadda direba da ɗan kamasho da fasinja duk suke kira Sharon. Sunan ya fito ne daga Sharan ta kamfanin Volkswagen na Jamus. Sai dai wanda ya tsaya ya dubi goshin motocin zai ga ba duka ne ke ɗauke da tambarin Jamusawa ba. Wasu Seat Alhambra ne, wasu kuma suna da shuɗin tambari mai siffar ƙwai, an rubuta Ford a tsakiyarsa, sunansu na yanka kuwa Galaxy. Manomin Saji da ya loda buhun masara zai kai kasuwa babu ruwansa da wannan bambanci. Shi dai ya hau Sharon.

Yadda aka yi kamfanin da ya koya wa duniya ƙera mota mai araha ya koma yawo a kudancin Kano da sunan abokin hamayyarsa labari ne na fiye da shekara ɗari, kuma a kowane mataki nasa tambaya ɗaya ce ke yanke hukunci: idan motar ta tsaya nesa da birni, wa zai gyara ta, kuma da me?

Henry Ford ɗan manomi ne, an haife shi a 1863 kusa da Dearborn a jihar Michigan ta Amurka. Sau biyu yana shiga harkar kamfanin mota abin bai ɗore ba, kafin ya kafa Ford Motor Company a watan Yunin 1903 da jarin dala 28,000 da wasu masu kuɗi suka haɗa. A lokacin mota abin ƙawa ce ta attajiran birni. Ƙauyukan Amurka kuwa hanyoyinsu na ƙasa ne, taɓo da damina, ƙura da rani, irin wadda mutumin Saji ko Rurum ba ya buƙatar a kwatanta masa. Don irin wannan hanya aka ƙera Model T, wadda ta fito a Oktoban 1908 a kan dala 850. Mara nauyi ce, an yi ta da ƙarfe mai ƙwari, cikinta ya yi nesa da ƙasa yadda kunya ko rami ba su cika taɓa ta ba, injinta mai silinda huɗu ne mai ƙarfin doki ashirin. Mafi muhimmanci, manomi ko maƙerin ƙauye zai iya kwance ta ya mayar da 'yan sifanu da guduma.

Masu ita sun sha wahalarta, sun kuma mayar da wahalar abin raha. Da hannu ake murɗa ta kafin ta tashi, idan injin ya yi tutsu ƙarfen murɗawar ya dawo da baya ya karya wa mutum hannu. Tankin mai yana ƙarƙashin kujera, babu famfon da ke tura shi, gangarowa yake yi da kansa. Saboda haka idan man ya yi ƙasa aka tarar da tudu mai tsayi, sai direba ya juya motar ya hau da baya. Duk da haka aka yi ta saye, domin kowace matsala tata sananniya ce, maganinta kuma yana kusa.

A 1913 Ford ya shimfiɗa layin haɗa mota mai motsi a masana'antarsa ta Highland Park: ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya, aikin ne ke zuwa gabansa. Haɗa ƙashin mota da ke cin fiye da awa 12 ya dawo kimanin awa ɗaya da rabi. Aikin ya zama mai gundura har ma'aikata suka riƙa gudu, abin da ya sa a Janairun 1914 aka ɗaga albashi zuwa dala 5 a yini, ninki biyu na abin da aka saba. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin karamci. Gaskiyarsa dabara ce ta riƙe ma'aikata, kuma mutumin da ya yi ta shi ne ya yaƙi ƙungiyar ƙwadago har zuwa 1941, jaridarsa kuma ta shafe shekaru tana yaɗa ƙiyayyar Yahudawa. Farashin mota dai ya yi ta sauka har ya kai dala 260 a 1925. A farkon shekarun 1920 kusan rabin motocin duniya Ford ne, kuma kafin a daina Model T a 1927 an ƙera fiye da miliyan 15.

A daidai wannan zamani ne Kano ke shiga cinikin gyaɗa. Layin dogo ya iso birnin a 1911, zuwa 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ta haura tan 19,000. Jirgin ƙasa yana ɗaukar kaya daga Kano zuwa teku, amma kawo shi daga gonakin Rano da Kibiya zuwa bakin tasha aikin jaki ne da raƙumi da takarkari, kuma haka abin ya daɗe. Motocin ɗaukar kaya na farko da Turawa suka kawo Afirka ta Yamma masu nauyi ne, tayoyinsu na daskararriyar roba, suna farfasa hanya, su ma hanyar tana farfasa su. Masana tarihin tattalin arziki sun nuna cewa abin ya sauya ne daga wajen 1918, da ƙananan motocin Ford masu tayar iska suka fara shigowa da yawa. Suna bin hanyar da ba a zuba mata tsakuwa ba, ba su da tsada, kayan gyaransu suna samuwa. Wannan ne ya ba 'yan ƙasa damar shiga sana'ar sufuri da jarin kansu, da farko a yankin koko na Gana da ƙasar Yarbawa, daga baya a Arewa, inda sarakuna irin su Sarkin Katsina Muhammadu Dikko suka riga talakawa sanin daɗin mota. A Nijeriya kamfanin J. Allen ya daɗe yana dillancin Ford.

Gaban da Ford ya yi bai ɗore ba, ko a gida. Henry Ford ya kafe kan cewa mota ɗaya ta ishi kowa, yayin da General Motors a ƙarƙashin Alfred Sloan ke fitar da sabon salo duk shekara, mota daidai aljihun kowa, ga sayarwa bashi a biya sannu a hankali. A 1927 Ford ya rufe masana'antunsa na watanni don ya sauya zuwa Model A, Chevrolet ta wuce gaba. A ƙasashen da Ingila ke mulka kuma siyasar ciniki ta karkata ga kayan Ingila. Babbar motar da ta mamaye hanyoyin gyaɗa da auduga bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ce Bedford, wadda Hausawa suka mayar Bilhodi, aka kuma fara haɗa ta a Apapa a 1959. Abin lura a nan, Bedford ta kamfanin Vauxhall ce, Vauxhall kuwa General Motors ya saye shi tun 1925. Wato a hanyoyin Kano ma babban abokin gabar Ford na Detroit ne ya ci kasuwa, sanye da rigar Ingila.

Shekarun 1970 suka ƙara nesanta Ford da mai mota na Arewa. Da kuɗin man fetur gwamnati ta jawo kamfanoni su haɗa mota a cikin gida: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas a 1975, sai Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Mercedes a Enugu, Leyland a Ibadan. Babu Ford a jerin. Fijo 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati da ta haya da ta a-kori-kura, kuma a kanta ne tsararraki biyu na yaran gareji suka koyi aiki. Wannan shi ne abin da lissafin kamfani ba ya nunawa. Mota ba ta kafuwa a gari sai an samu bakaniken da ya san kukanta da kunne, da ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa da ya yarda ya zuba kuɗinsa a kayanta, da gawarwakin 'yan uwanta da za a riƙa cirar sassa daga jikinsu. Fijo ta samu wannan, Golf ta gada, Toyota ta zo ta zarce su duka.

Ta wannan ƙofa ce Galaxy ta shigo. A farkon shekarun 1990 Ford da Volkswagen suka ga kasuwar motar iyali mai kujera bakwai tana bunƙasa a Turai, suka haɗa jari suka gina masana'antar AutoEuropa a Palmela ta ƙasar Fotugal. Daga 1995 layi ɗaya ya riƙa fitar da Galaxy da Sharan, Alhambra ta biyo baya. Jiki ɗaya ne, ƙafafu ɗaya, sai ɗan bambancin fitila da goshi. Da suka tsufa a Turai aka yi ta lodo su zuwa Kwatano da Legas, suka zo suka tarar da kasuwar da Golf ta riga ta share musu. An ƙera su don mutum bakwai, a nan suna ɗaukar fiye da haka, ga buhuna a but ɗin da ba ya rufuwa sai da igiya.

Direbobi sun san wani bambanci da fasinja bai sani ba. Galaxy mai injin dizal 1.9 ko babban injin fetur 2.8 injin Volkswagen ne a cikinta, don haka kayan Sharan suna shigarta. Amma mai injin fetur 2.0 ko 2.3 injin Ford ne na kansa, wanda ba shi da dangi a cikin Golf. Sharan mai 2.0 kuwa injinta ɗan gida ɗaya ne da na Golf, duk bakaniken da ke gyara wannan zai gyara waccan. Idan mota ta mutu tsakanin Rano da Kibiya ranar kasuwa, wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin gyaran awa biyu da aika yaro Kano neman abin da ba lallai a same shi ranar ba. Shi ya sa mai saye da ya san kan abin yakan buɗe bonet kafin ya dubi tambari.

Akwai kuma Ford ta biyu, wadda ma'aikacin banki ko malamin jami'a ya fi sani: Explorer da Edge da Escape da Focus da ake kawowa na hannu daga Amurka. Abin da ke jan mai saye a bayyane yake, domin a shekara ɗaya da girma ɗaya Ford takan fi Toyota sauƙin kuɗi, ga faɗi ga daɗin zama. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, kuma ƙorafin masu su yakan taru wuri uku: shan mai, giya mai sarrafa kanta, da rashin wanda ya san ta.

Wani ɓangare na laifin na kamfanin ne. A injin 3.5 mai silinda shida da ke cikin Edge da Explorer na shekarun 2010, famfon ruwa yana can cikin injin, sarƙa ce ke juya shi; idan ya lalace ruwa na iya gauraya da baƙin mai ya kashe injin gaba ɗaya, sauya shi kuma aiki ne babba. Giyar PowerShift ta Fiesta da Focus daga 2011 zuwa 2016 ta yi ƙaurin suna da karkarwa da fizga, ta jawo wa kamfanin shari'u a Amurka, a 2018 kuma kotu a Ostareliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 kan yadda ya bi da koke-koken masu motar. Wani ɓangaren kuma na hanyar da motar ta biyo ne. Da yawa daga cikinsu a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shafa aka saye su, aka yi musu kwalliya a Kwatano ko Legas. Sauran laifin na gareji ne, kuma ba a cika son faɗarsa ba: cire na'urar daidaita zafin inji, haɗa fanka kai tsaye, zuba wa giya kowane jan mai da aka samu, da gyaran lalube ba tare da kwamfutar gano cuta ba. Toyota tana haƙuri da irin wannan riƙo na ɗan lokaci. Ford ta zamani ba ta da wannan haƙurin, abin da ya sa ta zama kishiyar kakarta Model T.

Kamfanin ya taɓa yunƙurin dawowa da kansa. Bayan tsarin bunƙasa masana'antar mota na 2013, wanda ya ɗaga harajin shigo da ƙananan motoci zuwa kashi 70 cikin ɗari, Ford ya haɗa kai da Coscharis suka fara haɗa Ranger a Ikeja a ƙarshen 2015, da sassan da ake kawowa daga Afirka ta Kudu. Ranger mota ce da ta dace da hanyar karkara, amma ta tarar Hilux ta riga ta zauna a ma'aikatu da rundunonin tsaro da ayarin 'yan siyasa, sannan faɗuwar naira ta 2016 ta mayar da sabuwar mota abin da sai gwamnati ko babban kamfani. A can gida ma Ford ya sauya alƙibla: a 2018 ya sanar da daina yawancin ƙananan motocinsa a Amurka don ya mayar da hankali kan manya irin su F-150, inda ribar take. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya kai litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a 2024, masu Explorer da yawa suka jingine ta a gida suka koma ƙaramar mota ko babur.

Galaxy ta Palmela an daina ƙera ta tun 2006, lokacin da Ford ya fitar da sabuwa tasa shi kaɗai daga masana'antar Genk ta Beljiyam, wadda ba ta haɗa komai da Sharan ba. An rufe Genk a 2014, sunan Galaxy kansa kuma aka yi masa ritaya a 2023. Saboda haka mafi ƙuruciyar Sharon mai tambarin Ford da ke bin hanyar Rano a yau ta doshi shekara ashirin, kuma injin da giyar da ke riƙe da ita daga jikin 'yan uwanta da aka yanka a Turai suke zuwa, su ma kullum raguwa suke yi. Masu motocin haya da suka samu hali sun fara komawa Sienna da Hiace, waɗanda kayansu ke cike da rumfunan Ƙofar Ruwa.