Maƙera da Bindiga a Damagaram: Abin da Kalmomi ke Nunawa

1. Gabatarwa

Wanda ya nemi tarihin ƙirar bindiga a Yamai, ko a Ƙaramar Kasuwa ko wurin maƙeran Katako, ba zai samu abin kirki ba, domin garin bai zama babban birni ba sai a 1926. Tushen maganar yana Damagaram. A cikin wannan maƙala za mu nuna cewa maƙeran Hausa sun mallaki bindiga mai ɗuri ta baki, amma sana'ar ta tsaya a bakin bindiga mai ɗuri ta baya, kuma harshe ya adana shaidar haka.

2. Kalmomin aro da na gida

Manyan kalmomi uku na wannan fage daga Larabci suka fito: bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi daga ar-rasas, wato darma. A cikin albarushi, harafin al- na Larabci ya manne da kalmar, kamar yadda muke gani a alƙalami da albasa. Wannan ya dace da hanyar da makaman suka biyo, wato hanyar ayari daga Tarabulus ta Ghat da Agadas, ko kuwa ta Barno.

Sai dai idan muka koma kan sassan bindigar, aro yakan ja baya. Ana cewa bakin bindiga, gindin bindiga, kunamar bindiga. Dutsen da ke ba da tartsatsi kuwa ƙanƙara ne. A ganinmu, mutum yana raɗa suna ne ga abin da ya kwance ya mayar da hannunsa. Fatake sun kawo sunan abin dunƙule, maƙera suka sa wa gaɓoɓinsa suna.

3. Zamanin Tanimun

Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya mayar da gyara ƙira. A zamaninsa an haɗa albarushi a Damagaram, an kuma ƙera igwa. Bajamushe Gustav Nachtigal, wanda ya iso Kukawa a 1870, ya rawaito cewa sarkin yana da bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40. Ji ya yi, ba gani ba, amma adadin yana nuna irin fargabar da ke fadar Barno, wadda a bisa al'ada Damagaram ke kai wa gaisuwa. André Salifou a 1971 da Joseph Smaldone a 1977 duk sun tsaya a kan wannan batu.

Abin lura shi ne, aikin ba na mai sha'awa ba ne a cikin ɗakinsa, irin na masu injin sassaƙa ƙarfe a gida a Amurka. Aikin fada ne, ƙira kuwa gado ce, ƴan bindiga kuma galibinsu bayin sarki ne.

4. Inda maƙera ta tsaya

Bindiga mai ɗuri ta baki tana yafe kuskure. Cikin bututunta sumul yake, harsashin ba dole ya cika shi daidai ba, abin da ya lalace kuma ana iya gyara shi da masaba da awartaki da magagari a kan uwar maƙera. Bindigogin sojan Faransa, Gras ta 1874 da Lebel ta 1886, ba haka suke ba: mahaɗarsu ta baya, wadda Faransawa ke kira culasse, tana bukatar ƙarfe mai tauri, da awo na ƙasa da milimita, da harsashi mai kwanson tagulla. Waɗannan aikin inji ne, ba na zugazugi ba.

Siyasa ta ƙara toshe hanya. Yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani a yawancin Afirka, ta bar masu ƙanƙara. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 aka ci rundunar sarkin a Tirmini, Faransawa suka shiga birnin.

5. Kammalawa

Bayan haka bindigar maƙera ta koma hannun mafarauta da ƴan bindigar hawan salla. Tun 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, saboda haka maƙeri ba ya sakin baki da baƙo a kan wannan magana. Duk da haka muna kira ga ɗalibanmu su tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin maƙera na Damagaram da Maraɗi, tare da bambancin karin harshe, domin kalmar sana'a ba ta daɗewa bayan mai ita.